Sun Sauya wa Ɗan Dako Maɓallai

Daga ofishin Babban Manaja, zuwa ga Malama.

Bayan gaisuwa, yaya Inna da ƙafarta? Yaya yara? Ƙaninki lafiyarsa ƙalau, sai dai manhajar shagonmu ta sa shi a gaba.

Kowa da abin da take nuna masa. Ni komai nake gani daga kujerata. Mai karɓar kuɗi tana ganin ciniki, mai sito yana ganin kaya. Shi ƙaninki ɗan dako maɓallai biyu aka ba shi, ya haddace su kamar allo: kore kaya sun fita, ja sun dawo. Shekaranjiya aka sabunta manhajar, maɓallan duka suka koma farare da rubutun boko, aka kuma sauya musu wuri. Wai ci gaba! Ya danna inda ya saba, manhajar ta ce katifun da ya kai sun dawo. Mai sito ya wuni yana nemansu yana masifa. An ce in ya sake, a bakin aikinsa.

Don Allah ki koya masa boko ta waya. Kada Inna ta ji.

Haba Yaya, wane manaja zai rubuto miki da ajami? Ni ne, autanku. Kira ni yau, gobe akwai lodi.