Ɗakin Ishbel

Dundee, Oktoba

Zuwa ga 'yata Kirsteen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tarin jikana Callum ya lafa?

Ni kam raina a ɓace yake. Mista Pirie, mai gidanmu, ya faɗo mana ranar Talata ko ƙofa bai buga ba. Wai hukuma ta ce gidan da mutum uku waɗanda ba dangin juna ba suke haya sai da lasisi, kuma ya ɗora mana kuɗin, fam arba'in-arba'in duk wata. Na ce, "Lasisin sunanka ne a kai ko namu?" Ya ce, "Baiwar Allah, ba gidan sadaka na buɗe ba. Ɗayarku ta tashi, magana ta ƙare."

Ba dangi ba! Ni da Rhona da Ishbel tun muna 'yammata a masaƙa muke tare. Da na karye a ƙugu, wa ya yi ta yi mini wanka in ba Ishbel ba? Kin san fanshonta bai taka kara ya karya ba. Tana jin ƙarin nan ta ture shayinta gefe.

Ki gaishe mini da kowa.

Mahaifiyarki,
Elspeth

Dundee, Nuwamba

Kirsteen 'yata,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya.

Ishbel ta tafi. Muna coci ni da Rhona ta kira tasi, ta koma Perth wajen ɗan ƙanenta, ya jibge ta a ɗakin tarkace. Na buga mata waya ina faɗa, ta ce, "Daina ihu, tsohuwar banza, nauyi na sauke muku." Sai ta fashe da kuka.

Na nufi Pirie na ce to mun zama biyu, ya cire ƙarin. Ya yi dariya! Wai ai ya riga ya shige cikin kuɗin haya, kuma kason Ishbel ma mu za mu cike. Na gaya masa maganar da ba zan rubuta miki ba.

Rhona ta samo wata lauya mai tsaya wa 'yan haya kyauta. Mu uku za mu je gabanta, ba biyu ba. Ki zo da mota ranar Asabar ki kai ni Perth. Kada ki taho da yara, kujerar baya ta Ishbel ce da akwatunanta.

Taki har kullum,
Mama