Bana Ba a Cinye Irin Shuka Ba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya Inna? Ni lafiya lau, dakon buhuna ne ya ɗan taɓa min baya, kada ki faɗa musu.

Saƙonki ya same ni ina sauke kaya, na ƙwala ihu har direba ya zaci buhu ne ya danne ni. Ashe da kuɗin tallafin nan suka shigo hannun Inna, an samu na cefane, ba ku cinye irin shuka ba, Baba kuma gonarsa ya nome, ba ta wasu ba! Ki ja Kawu ya leƙa rumbu, shi da ya ce ɓarnatar da kuɗin za a yi.

A wasa min fartanyata. In Allah ya yarda, ruwan farko a gida zai same ni.

Ƙaninki