Sunana a Ƙasan Takardar Wake

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Inna tana lafiya, ƙafar ma da sauƙi.

Takardar nan da na rubuta wa ofishinmu, mai koya wa manoma ajiye wake a buhun leda ba magani, ta karɓu. A taron Batsari shugabanmu ya yabe ni gaban jama'a, ya sa aka buga sunana a ƙasanta.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ran kasuwa wani dattijo daga Wagini ya tare ni, ya ce, "Kai ne ɗan Malam Isa? Wakena duka na ɗaure yadda ka ce, ko ƙwayar magani ban sa ba. Abincin gidana ke nan, yaro."

Ba za a kwance buhunan ba sai bazara. Ka sa ni a addu'a, ka gaida su Anti. A da, in ƙwari suka ci wake, ofis ake nema. Yanzu ƙofar gidan Baba suka sani.

Ƙaninka,
Habibu