Furen da Labbo Ya Hau Cirowa

Kumba, ƙasar Kamaru
9 ga Yuli, 1974

Zuwa ga Yaya Bashiru, 'Yankuzo.

Assalamu alaikum. Ina fatan duk kuna lafiya. Yaya jikin Inna? Ruwa ya sauka kuwa, kun samu yin shuka?

Ni lafiya ƙalau nake, sai ɗan rashin barci. Baturen da muke yi wa dako har yanzu furensa yake nema, wani fari mai tsirowa a jikin itace kamar kauci, wai sai a dajin nan ake samunsa. Ranar Talatar da ta wuce muka hango shi can ƙololuwar wata bishiya. Abokina Labbo na Ruwan Bore ya hau, reshe ya karye da shi. Yana asibiti, yana magana, amma ƙafafunsa ba sa motsi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Jatau, matata Lantana tsohon ciki gare ta, kada ta ji sai ta sauka."

Don Allah ka je ka sanar da mahaifinsa, shi kaɗai.

Wannan kuma kada Inna ta ji: Bature ya ce jibi ni zan hau. Na kasa cewa a'a, domin shi ke ɗauke da jinyar Labbo. Ku sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Jatau