Irin Shinkafar da Ya Dawo Gida

Da sunan Allah. Ni Rosmaniar, 'yar garin Solok, tsohuwar ministar tallafa wa ƙasashen waje, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Ƙafa ce ta gaza, kai yana nan daram. Zuwa gare ku 'ya'yana, Afrizal da ƙanwarsa Yusnidar.

Na ɗaya. Gidan Jakarta da littattafaina na Afrizal ne. Lambobin yabo kuwa, a ba jikoki su yi wasa.

Na biyu. Gonar shinkafa ta bakin tafki ta Yusnidar ce, yadda ta zo mini daga uwata, ita ma daga tata. Afrizal, na ji labarin masu otal da ka kawo suna auna ta. Ba za a sayar ba, kuma ga dalili.

Shekarar da teku ta cinye gonakin wani tsibiri mai nisa, majalisar ministoci ta ce a aika buhunan shinkafa da tutarmu a jiki, a ɗauki hoto. Na ce a'a, irin shinkafarmu na gado za mu aika su shuka, kuma aro. Kun san kakarku, ba ta mayar da kwanon maƙwabciya wayam, ba ta kuma ba mutum abin da ba zai iya ramawa ba, don a wurinta kunyatarwa ce. Haka na gaya wa mutanen tsibirin. Ministan kuɗi ya yi dariya har da hawaye, wai na mai da gwamnati ɗakin girki. Na ƙyale shi.

Bayan shekaru cuta ta ƙone irinmu na gado ƙurmus a duk kwarin Solok. Kwatsam sai ga jirgin mutanen tsibirin nan. Wani tsohon manominsu ya dire buhun irin nan a gabana, ya ce, "Inna, ga kwanonki. Ba mu dawo da shi wayam ba." Wallahi na yi kukan farin ciki a gaban 'yan jarida, ko a jikina. Ministan kuɗin nan shi ya riƙe mini lema! Shinkafar nan ce ke tsaye a gonar yau.

Na uku. Ba na bin kowa bashi, babu mai bina.

Na huɗu, shi ne mai nauyin. Tun bara ba kwa ga maciji a kan gonar nan. Afrizal, kai ne kawun 'ya'yanta, kai ne garkuwar gonar, ba dillalinta ba. Yusnidar, bakinki da kaifi, nawa kika gado, ki rage. Ranar sadakata a dafa shinkafar gonar, ku biyu ku zauna gaban tire ɗaya, ko da dattawa za su ce maza daban mata daban. Ki ce masa Yaya, ki tura masa kan kifi, rabon babba.

Na ci nasara a aikina, na gode Allah. Amma ba zan yarda a ce matar da ta ciyar da baƙi a ƙetaren teku ta kasa zaunar da 'ya'yanta biyu su ci tare ba.

Na yafe muku duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci zuriyarku. Ku riƙe juna, don bayana ba ku da kowa sai ku.