Takalman Birkin Motar Nayif

Asabar, 5 ga Afrilu

Abu Mut'ib, yayan mijina, ya ce a ba shi makullin motar marigayi Nayif. Bai ma zo da kansa ba. Waya ya yi, yana tauna wani abu. Wai bikin ɗansa Mut'ib ya matso, da ita za a ɗauko amarya, daga nan a sayar a raba wa magada, kowa ya huta.

Na ce, "Yaya, ƙaninka ko shekara bai yi a ƙasa ba." Ya ce ai shi ya sa, zamanta a gareji yana tayar wa Hajja da hankali. Uwarsu suka samu ta fakewa. Hajja Wadha da ke zaune a ƙasanmu, wadda ko leƙa garejin ba ta yi.

Na ce su ɗauki rabona na gonar zaitun su bar min ita. Dariya ya yi. "Ummu Lujain, me mace za ta yi da mota mai kujera biyu?"

Makullin yana jakata. Nan zai zauna.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na yaye mata rufi. Bugu ɗaya ta tashi. Jar fitilar birki na ci a gaban sitiyari. Nayif ya ce zai canza takalman birkin kafin gasar hawan dutse da mota ta bana. Zuciyarsa ba ta jira shi ba.

Abin da danginsa ba su sani ba: duk Juma'ar da muka gangara kwarin Gor, shi ke kai mu, ni ke dawo da mu. Sai mun iso gidan man da ke bakin garinmu Salt mu canza kujera, ya shigo gari yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ya hauro dutsen. Shekara da shekaru. Bai taɓa faɗa a gaban 'yan'uwansa ba. Matsoraci. Allah ya jiƙansa, amma matsoraci.

Talata, 8 ga Afrilu

Garejin Usta Bibars a Wadi Sir, bakaniken Nayif. Ya sake yi min ta'aziyya, ya sa aka kawo shayi, sannan ya ajiye kwali biyu a kan teburi.

"Wannan mai laushi ne. Ba ya kuka, ba ya baƙanta taya, tun da sanyin safiya yake kamawa. Wannan kuwa..." Ya dafa ɗayan kamar mai rufe bakin kare. "Marigayi ne ya sa na nemo masa. Na gasa ne, ba na gari ba."

Na ce wanne zai sa. Ya hau sosa ƙeya. Ashe Abu Mut'ib ya riga ni da waya: a sa mai laushi, kada mota ta yi ta ihu a ƙofar surukai.

"Usta, shi ya kawo maka motar?"

"A'a."

"Ya ma san inda injinta yake?"

"Wallahi ranar da ya raka marigayi, gaba ya buɗe yana nema, alhali a baya take." Ya danne dariya. "Ummu Lujain, kin sa ni gaba kura baya siyaki."

Na ce wace ce kurar. Ya ce shi bai ce komai ba.

Na ce zan dawo. Ba shakka nake ba. Ba na sayen abin da ban karanta ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

'Yan matan ajin ƙarshe suna rubuta min dalilan faɗuwar dauloli, ni kuma ina gaban aji ina karanta yadda ƙarfe ke cin ƙarfe.

Mai laushi mutumin kirki ne, ga shiru ga ladabi. Amma a dogon gangare in ya sha zafi sai ya saki, ka taka har ƙasa ba kowa a gida. Mai tauri da sanyi ba ya ko kallonka. Ga tsiwa, ga baƙar ƙura, yana kuma cin faifan da yake kamawa. Sai ya yi zafi ake sanin ko wane ne shi.

Na san gidan da suke son komai nasu mai laushi: birki, burodi, matan 'yan'uwa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An sa mai tauri, gaba da baya. Da zan fita Usta ya ce, "In ya tambaya, ni ban gan ki ba." Na ce ya ce masa kura ce ta zo.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Sabon takalmi sai an zaunar da shi. A yi gudu, a taka da ƙarfi, a saki kafin mota ta tsaya, a sake, har ya saba da faifan. Na bi hanyar Wadi Shu'aib mai gangarawa Gor da hantsi, ba kowa sai wani mai awaki.

Takun farko gabana ya faɗi, kamar na taka soso. Na sake, na sake, har warin ƙuna ya shigo. Sai ya ɗau zafi. Ya Allah! Kamar wani ƙato ya damƙo motar ta baya. Na sauka har gonakin ayaba, na juyo. Gidan man nan ko kallonsa ban yi ba. Na shigo gari a kujerata. Mai shagon kunafa, kayan zaƙin nan da ake yankawa a faranti, ya bi ni da ido, wuƙa a hannu, ya manta da mai saye.

A gangaren ƙofar gida na taka, ta saki ƙarar nan mai tsini. Na manta. Wallahi na manta cewa da ita ake sanin ya dawo.

Hajja ta fito ba takalmi, ba sanda, mayafi a kafaɗa ɗaya. "Nayif?"

Sai ta gan ni. Ta daɗe a tsaye. Ta ce, "'Yata, kin ci abinci?" Ta koma ciki.

Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Matar Abu Mut'ib ta gaya wa matar liman wai na taɓu. Alhamdu lillahi, labarina ya kai masallaci.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Tawaga suka kawo min. A kan mota! Kamar masu neman aure ko sulhun jini. Abu Mut'ib, ƙannensa, wani kawunsu da alkyabba mai bakin zinare, da waɗansu da ban sani ba, an kwaso su ne don cika kujeru. Suka sa wana Mamduh ya zo ya amsa a madadina, tunda mace ba ta amsa wa tawaga.

Mamduh ya zuba gahawa. Kawun ya karɓi finjali ya ajiye a gabansa, bai kurɓa ba. "Ba za mu sha gahawarku ba sai kun biya mana buƙata." Sai jawabi: zumunci, marigayi, darajar gida, bakin mutane. Ina bayan ƙofa na ji Mamduh na gyaran murya. Na san abin da ke bakinsa: ku sha gahawarku, kun samu abin da kuka zo nema. In ya faɗa, kawu ya kurɓa, shi ke nan, ko alƙali ba ya warwarewa.

Na shiga. Na zauna a kujerar Nayif.

Mamduh ya yi ƙasa da murya. "Maisun, don Allah, kada ki zubar mana da mutunci." Na ce makullin nasa ne?

Kawun ya dube ni da tausayi, abin da na fi tsana. "'Yata, gahawa tana hucewa."

Na ce, "Kawu, akwai wata a wuta. In ta huce a sake zuba muku. Gidan nan ba a hana baƙo gahawa. Mota ce ba za a bayar ba."

Abu Mut'ib ya miƙe, jijiyar wuyansa a waje. "Tunda aka kafa Salt, tawaga ba ta taɓa fita daga gida ba ta sha ba!"

Na ce to ɗalibaina sun samu sabon abin rubutawa a tarihi.

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Mut'ib, angon, yana bakin ƙofa tun shigowarsu, bai ɗago kai ba ko sau ɗaya.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mamduh ba ya ɗaukar wayata. Lujain ta kira daga Irbid: "Mama, mota ce fa kawai." Har ita. 'Yar da na haifa, na koya wa karatu a cinyata.

Litinin, 21 ga Afrilu

An raba katin biki. Bai hauro benen nan ba. Hajja kuwa ta aiko min da kwanon shinkafa da waken adas, ba saƙo.

Duk dawowar da zan yi, labulenta sai ya motsa. Na koma ajiye motar a saman layi ina gangarowa da ƙafa. Ba don kowa ba. Ina buƙatar motsa jiki.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ina tsugunne ina wanke baƙar ƙurar tayoyi da la'asar, sai ga Mut'ib da kwalin kunafa.

"Matar Baffa, sannu da aiki."

"Ubanka ne ya aiko ka? Ina finjalinka?"

"Bai san na zo ba."

Ya zagaya motar, ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon ƙasan sitiyari. "Uku ne," in ji shi.

"Mene ne uku?"

"Abin takawa."

Ashe injiniya guda, mai gemu, bai taɓa taka kuloci ba. Duk motar da ya tuƙa ita ke canza wa kanta giya. Tun ranar baiko Baffa Nayif ya yi masa alkawarin koya masa a ɓoye, don ubansa ya cika majalisu da cewa ɗansa tun yana ƙarami yake jan tarakta. Shi kuma ya riga ya gaya wa Rahaf, amaryar, cewa da shuɗiyar motar zai zo ɗaukarta. "Ta gaya wa duk ƙawayenta."

Wato tawaga guda, da alkyabba da jawabi, ta zo karɓar makulli ga mutumin da ba zai iya fitar da ita daga gareji ba.

Na ce, "Da na ba su fa, ya za ka yi?"

"Da wurinki zan zo. Baffa ya ce duk ranar da ba ya nan in tambaye ki. Ya ce kin fi shi hannu."

"Shi ya ce haka?"

"Ya ce kada in gaya wa Baba."

Na ce ya ɗauki kunafarsa ya ba ni wuri. Ya bar ta a kan bango. Na cinye.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ruwana.

Ayarin ɗaukar amarya tafiyar hawainiya yake yi. Layukan garin nan duk gangare, masu ganga a gaba, yara na ratsawa tsakanin motoci suna tsintar alewa. Takalmin da na sa ba zai taɓa yin zafi a wannan tafiya ba. Ga ƙafar da ba ta san kuloci ba.

Na ce ba ruwana.

Asabar, 26 ga Afrilu

Wadi Sir. Usta na ganina ya leƙa bayana, wai ko da tawaga na zo. Har nan labari ya kai. Na ce ya sa mai laushi. Ya buɗe baki. Na ce ya ce uffan in kai ta wani gareji.

Mai taurin yana bayan kujera, a naɗe cikin jarida. Washegarin biki zai koma wurinsa. Na ba da suna a gasar hawan dutse, sunana, ba na Nayif ba. A rubuta wannan: ban sauka daga maganata ba. Lissafin zafi da sanyi ne kawai.

Na shiga wurin Hajja. Na ce ta gaya wa babban ɗanta motar za ta ɗauko amarya. In Mut'ib ya iya kafin ranar, shi zai tuƙa. In bai iya ba, ni zan ɗauko yarinyar, ango ya biyo mu a bayan motar ubansa. Sayarwa kuwa babu.

Ta ci gaba da tsinkar na'a-na'a. "Rabona na motar na ba ki. Ya kawo min tawagar in gani. Ni na wanke masa gindi."

Ban san inda zan sa idona ba. Na taya ta tsinka.

Litinin, 28 ga Afrilu

Filin da ke bayan makaranta, bayan an tashi. Na zauna a kujerar gefe.

Bala'i. Mota mai daraja irin wannan tana tsalle kamar ɗan akuya. Ya kashe ta har na gaji da salati. Na ce, "Saki a hankali, kuloci ne ba garwashi ba! Haka za ka riƙe hannun 'yar mutane?" Gumi har gemu. "Matar Baffa, tsoronki nake ji, ba motar ba." Na ce daidai ne, ci gaba.

Dab da magariba ta tafi masa sumul. Ya sa giya ta biyu da kansa, ya juyo yana kallona baki buɗe, na daka masa tsawa ya dubi gabansa, ga turken ragar ƙwallo. Ya taka. Ta tsaya shiru, ba ko ƙis.

Wai na yi dariya, in ji shi. Ƙarya yake. Tari ne, filin duk ƙura.

Gobe ma bayan an tashi. Makullin yana wurinsa, mantuwa aka yi. Na dai ga lokacin da ya sa shi a aljihu.