Wai Sai Na Kawo Shaidar Ni Matarka Ce

Zuwa ga Baban Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan jiki ya yi sauƙi, ina sanar da kai cewa ofishin jakadancin ƙasar da kake sun sake dawo mini da takarduna. Wallahi na gaji.

Da farko sun ce mayafi ya rufe mini goshi a hoto. Na sake. Suka ce gwajin asibiti ya tsufa, alhali a teburinsu ya tsufa. Na sake. Yanzu kuma wai ba su gamsu ni matarka ba ce, ba za su ba ni bizar zama ba sai na kawo hotunanmu tare da saƙonnin soyayya.

Na zazzage akwati a tsakar gida. Hoton bikinmu, ni ce a lulluɓe cikin lafaya tsakanin gwaggonni, kai kana can ƙofar masallaci a unguwar Limanti. Na sunan Yagana, kana wajen yankan rago. Ɗaya tal muka fito tare, shi ma Hajiyarka ce zaune a tsakiya. Da na ba ta labari ta ce, "To yaran nan da ke cinye mini burabusko, daga sama suka faɗo?"

Saƙonninmu kuwa sai dariya. "An kawo wuta?" "A sayi gero kafin ya tashi." "To." Wannan "to" ɗin naka zan kai wa Bature?

Liman ya ce zai rantse shi ya ɗaura auren, suka ce rantsuwa ba ta da hatimi. Kai ba ka iya zuwa, don in ka fito kafin a sabunta izinin zamanka, aikin ya tafi. Ga shi an yi maka aikin ido, kana lalube a ɗaki kai kaɗai, ba mai ɗiga maka magani. Wannan ne ke hana ni sukuni.

To tunda abin da suke so ke nan, ga shi na sa a intanet, a bainar jama'a, danginka ma su karanta. Har yau in na dafa shayi sai na manta na ɗauko kofinka. Ina kewarka. Ban taɓa kiran sunanka ba tun da aka kawo ni gidanka, yau masu hatimi sun sa ni: ina sonka, Bukar. Ka buga wannan a takarda ka aika musu, su haɗa da takarduna.

Allah ya ba ka lafiya, ya washe idon, ya sassauta zukatansu.

Matarka, ko sun yarda ko ba su yarda ba,
Falmata